Wane Yakuba na Gaya?

A Faraku aka fara sauke mini girman kai. Motar da ta kwaso mu daga Malanbil, tsallaken kogin garinmu Gaya, ta ajiye mu a tasha da hantsi, ƙafafuna sun kumbura, cikina yana ƙugi, amma bakina bai gaji ba. Tun daga Kandi nake cika wa fasinja kunne da labarin kakana, Alhaji Yakuba na Gaya, mai benaye a Kumasi, mai shaguna, mai kamyo, manyan motocin kaya, ba adadi. Ni kuwa jikansa ne kuma takwaransa, wurinsa za ni, aiki yana can yana jirana. Wata mata mai kajin sayarwa har ta ce in tuna da ita idan na zama babban mutum, na ce mata kada ta damu.

Gaskiyar magana, ban taɓa ganin mutumin ba. Mahaifina ma, Hamidu, bai san fuskarsa ba, don yana goye a bayan Kaka uban ya tafi kurmi ci-rani, ya ce damina ɗaya zai yi. Shiru kake ji. Sai daga baya masu dawowa suka fara kawo labari, wai akwai wani Yakuba na Gaya a Kumasi da Allah ya buɗa masa. Gidanmu suka ce ai namu ne. Ba wanda ya zauna ya bincika, don wadda ta fi kowa sanin kamanninsa ita ce Kaka, ita kuwa ko sunan ba ta iya furtawa. Mace irin ta da ba ta kiran sunan miji, kamar yadda uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Da aka haife ni aka mayar mini da sunansa, sai gidan duka suka koma ce mini Maisuna. Yakuba kuwa a lakwal, wato makarantar boko, kawai nake jin sa, a bakin mushe malaminmu.

Abu ɗaya Kaka ta haɗa ni da shi, ƙullin yaji a cikin tsumma, dakan hannunta. Lokacin idonta ya fara duhu, tafiya ma sai da sanda. Ba ta dube ni ba ta ce, "In ka ga takwaranka ka ba shi, ba ya cin tuwo sai da wannan. Ka gano mini shi da idonka, Maigida. Ji-ta-ji-ta ta ishe ni." Na yi dariya na ce mai benaye zai rasa yaji ne? Ta ce in dai kai.

To, a tashar Faraku wani mutum mai farar hula ya tare ni da fara'a, yana haɗa Hausa da Zabarmanci. Ashe a motarmu yake, duk surutuna a kunnensa. Ya ce ai shi yaron Alhaji ne, ga kamyon Alhaji can yana lodi zuwa Kumasi. "Kawo jakarka in sa maka a gaba kusa da direba," in ji shi, "jikan Alhaji ba ya hawa baya." Wallahi har na gode masa. Na zauna a kan benci ina kaɗa ƙafa har rana ta take, har la'asar ta yi. Babu mai hula, babu jaka. Abin da ya rage mini shi ne rigar jikina, da 'yar waya, da ƙullin yaji a aljihu.

Ban haƙura ba. Na shiga tambaya a tasha, ina ake ajiye kamyon Yakuba na Gaya? Wani mai kabu-kabu ya ce ya san wurin, ya nuna mini wani garaji a bayan kasuwa. Na shiga na tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Na yi sallama na ce Yakuba na Gaya nake nema. Ƙafafun suka ja baya, wani mutum ya fito baƙi ƙirin da man inji, bai fi shekara arba'in ba.

"Ga ni," ya ce. "Mi ya lalace?"

Na ce a'a, mai kamyon nake nufi, kakana.

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce shi dai ko keke ba shi da shi, kuma bai haifi ubana ba. Yaran garajin suka fashe da dariya. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, kunya ta hana ni ko juyawa. Da ya ji yadda aka yi da jakata, kuma ya ji sunana, sai ya daina dariya. Mutumin Yelu ne, wani gari kusa da namu, amma a baƙon wuri ba wanda ya san Yelu, sai aka liƙa masa Gaya. Ya ce, "Takwara ba ya kwana a tasha ina raye. Zo ka wanke mini waɗannan ƙarafan."

Na yi 'yan makonni a wurinsa ina wanke ƙarafa da gazuwal, wato man dizal, har fatar hannuna ta tsage. Tare muke cin doya da manja a kwano ɗaya. Kullum sai ya tsokane ni, "Jikan Alhaji, miƙo mini sifana." Ranar da zan wuce ya ciro wata shuɗiyar riga daga akwatinsa, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya ce ba a shiga gidan manya da tsumma. Ya kuma ce akwai wani Yakuba na Gaya da ake ambato a Jugu, an ce tsoho ne ƙwarai, tunda hanyata ce in tsaya in duba, kada in je Kumasi alhali kakan nawa yana kusa.

Tsoho kam tsoho ne. Da na isa Jugu na tambaya, aka kai ni gindin wata bishiya kusa da rijiya, aka nuna mini tudun ƙasa da duwatsu a kewaye. Madugu ne na zamanin jakai, mai kai ayarin goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, ya rasu tun ba a fara ganin mota a garin ba. Rijiyar shi ya gina ta don fatake, har yau da sunansa ake kiran ta. Na tsaya a kan kabarin mutumin da ya girmi kakan kakana, na yi masa addu'a, don ban san me kuma zan yi ba.

Wata tsohuwa da ke jan ruwa ta tambaye ni da Dandanci daga ina, kuma wa sunana. Ina faɗa ta toshe baki da mayafi. Matar jikan madugun ce, sunan ya fi ƙarfin bakinta. Ta ja ni gidanta tana ce mini Baban Gida, ta shimfiɗa mini tabarmarta ita ta zauna a ƙasa. Gidan ba komai, ɗaki ɗaya ya rushe, rumbu wayam. Kaza ɗaya na gani a tsakar gidan, kafin azahar kazar tana cikin tukunya. Na ce, "Iya, don Allah kada ki yi, ni ba kowa ba ne." Ta ce ba don ni ta yi ba. Da na gama ci ta tara jikokinta ta ce in dafa kansu in sa musu albarka, mai rijiya ya kawo musu ziyara. Na dafa. Ina ji a raina cewa ni da ko jakata na kasa tsarewa, wace albarka gare ni?

Na ratsa Togo a bayan motar gawayi, na shiga Gana na sauka a zangon Yendi. A nan sunan ya kusa jawo mini duka. Na je wurin mai koko, ta tambayi sunan baƙo, na faɗa da ƙarfi yadda na saba. Sai ta ajiye ludayi ta ƙwala ihu. Kafin in ankara an riƙe mini wuyan riga, mata sun kewaye ni, wani yana neman sanda. Ashe bara wani Yakuba na Gaya ya zo da jakar magunguna, ya sayar musu da maganin basir da ya kwantar da rabin unguwar, ya gudu. Ina rantsuwa, ana ce mini ai dama haka bakinsa yake da zaƙi. Sai da aka kai ni gaban mai unguwa, wata da ta sha maganin ta leƙa fuskata ta ce, "Ba shi ba ne. Wancan gajere ne, kuma yana da giɓi." Aka sake ni. Mai kokon ta cika mini kofi ta ƙara ƙosai, ta ce in yafe, amma in gaya wa mutanen garinmu su ji tsoron Allah. Na sha ina kallon ƙasa. Daga ranar na rage saurin faɗin sunana.

Duk da haka ban karaya ba. Na ce a raina, makanike da matacce da ɗan damfara duk tsautsayin hanya ne, na gaskiyar yana Kumasi.

Ranar Juma'a na shiga garin. Ban taɓa ganin mutane haka ba, kasuwa ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Na lalubi zango, na sa shuɗiyar rigar makanike a bayan wani shago. A ƙofar masallaci akwai wani tsoho siriri zaune a kan buhu, da almakashi da ɗan soso a gabansa, yana yanke wa mutane farce. Na gaishe shi, ya amsa da irin Hausarmu ta bakin kogi, na ji daɗi. Na ce, "Baba, gidan Alhaji Yakuba na Gaya nake nema. Ni jikansa ne, ɗan Hamidu." Ya ɗaga kai ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har wanda yake yanke wa farce ya ce ya yi sauri. Sannan ya ɗaga almakashin ya nuna wani bene mai koren fenti.

Bayan sallar Juma'a falon Alhaji a cike yake, 'yan kasuwa da malamai da 'ya'yansa manya, ana ta shigo da kwanoni. Da ina da hankali da na jira mutane su watse. Ina! Na ratsa tsakiya na durƙusa a gabansa, na ɗaga murya don kowa ya ji. Na ce, "Alhaji, ni ne Yakuba ɗan Hamidu, jikanka daga Gaya. Ga saƙo daga Kaka." Na ajiye ƙullin yajin nan a kan kafet, tsummansa ya yi dauɗa saboda hanya.

Alhaji mutum ne mai jiki, fari, da tabarau. Ya dubi ƙullin, ya dube ni. "Wane Hamidu?" ya ce.

"Ɗanka na fari, wanda ka bari a goye."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Babban ɗansa ya miƙe yana huci, ya ce kowace shekara sai an sami jika daga arewa, wannan karon har da mata aka ƙirƙiro wa mahaifinsu a gaban baƙi. Alhaji ya ɗaga masa hannu. Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce shi mahaifinsa mutumin garin Bana ne da ke kusa da Gaya, yana yaro aka kawo shi nan, aurensa na fari a wannan unguwar aka ɗaura shi, ga shaidu zaune. "Yaro, an ba ka labarin wani da sunana, ko labarina da sunan wani. Zauna ka ci abinci." Ya sa aka miƙo mini ƙullina.

Ban iya zama ba. Na fita da baya ina tuntuɓe da takalman mutane, dariyar da aka riƙe ta fashe a bayana. Abin da ke yi mini yawo a kai ba falon ba ne, tashar kabu-kabu ta Gaya ce, inda na yi shekaru ina gaya wa abokaina cewa da mota zan dawo.

Tsohon mai yankan farce yana nan inda na bar shi. Ya matsa ya ba ni gefen buhunsa, bai tambaye ni yadda aka yi ba. A zango Baba Dandi ake ce masa, da sunan yankinmu, ba wanda ya san masa wani suna. Da yamma ya ce in biyo shi. Ɗakinsa na langa-langa ne a bayan masu sayar da albasa, tabarma ɗaya da buta da ƙusa a bango. Ya sayo tuwon masara ya ajiye a tsakaninmu. Ni don haushi na kwance ƙullin na ce, "Baba, mu ci abinmu, mai shi ya ƙi." Ya ɗan tsaya, sannan ya dangwala ya kai baki. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya ce yajin ne, ya daɗe bai ci mai zafi haka ba.

Na zauna da shi. Na shiga dako a kasuwa, ina sauke buhunan albasa daga kamyon da ke zuwa daga ƙasarmu, kullum ina rufe fuska da rawani kada wani direba ɗan Gaya ya gane ni. Mahaifina yana kira, ina kallon wayar har ta katse. In na ɗauka sai in ce ina nan ina nema, layin ba kyau. Wata ya bi wata. Kewar gida ta dame ni, musamman in na tuna lokacin muruci da rake, da ƙanshin kifi a bakin gada. Amma in na tuna da wane baki zan shiga gida, sai in ce bari dai in ɗan samu abin riƙewa tukuna.

Baba Dandi kuwa ba ya gajiya da tambayar Gaya. Har yanzu giginyun nan na hanyar fadama suna nan? Liman wane yana raye? Wanzami wane fa, ɗansa ya gaje shi? Kowa da sunansa da sunan ubansa yake kiran shi, wasu ma ni ban san su ba, sun mutu kafin a haife ni. In ya zo kan gidanmu kuwa sai ya sauke murya. "Shi wancan, mahaifin naka, yana noma?" "Tsohuwar fa, tana gani?" Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka ladabi ne irin na tsofaffi.

Wata safiya muna teburin mai shayi, wani mutumin Junju ta wajenmu, mai barkwanci, shi ma sunansa Hamidu. Baba ya miƙa kofi ya ce, "Kai mai wuta, ƙara mini ruwan zafi." Mai shayin ya juyo gare ni yana dariya. Ya ce, "Ka ga tsohon nan? Shekara da shekaru yana shan shayina, bai taɓa kiran sunana ba. Kowa a layin nan yana kiran shi da suna, ni kaɗai ne mai wuta. Sai ka ce ni ne ɗansa na fari!"

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na dubi Baba, ya sunkuyar da kai yana juya kofi. Na tuna bai taɓa tambayata sunana ba, kuma bai taɓa kirana da shi ba, sai dai yaro. Na tuna hawayen yaji. Na ajiye burodin da ke hannuna.

Na bari sai da muka koma ƙofar masallaci ya shimfiɗa buhunsa, babu kowa tukuna. Na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, mi ne ne sunan ubana?"

Ya ɗauki almakashi yana gogewa da soso.

"Na gaya maka shi tun ranar farko. Faɗa mini."

"Ba a yi wa mutum irin wannan tambaya," ya ce.

"Faɗa mini, Baba!"

Bai faɗa ba. Bakinsa ya motsa ya tsaya. Mutumin da ya iya barin ɗa a goye ya yi shekara hamsin bai waiwaya ba, ga shi ya kasa kiran sunan ɗan saboda kunya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai ka nuna mini benen nan! Kana kallo na shiga aka yi mini dariya!"

"Ni na nuna maka," ya ce. "Duk wanda ya zo daga Dandi yana tambaya, can nake nuna mishi."

Ya ba ni labarin yana kallon ƙafafunsa. Shekarar farko ciwo ya kwantar da shi. Ta biyu ya tara ɗan goro, ruwa ya lalata shi a hanya. Ya ce bari ya ƙara ɗaya, kada ya shiga gida hannu wayam. Yana cikin ƙarawa sunan wancan mai benen ya fara tashi a kasuwa, sai ya ji masu komawa gida suna cewa ai mijin wance ne. "Na ce to, ga wanda ya riƙe sunan da kyau. Na bar mishi. Gara su yi alfahari da shi su zage shi don bai zuwa, da su gan ni." Ya ɗaga almakashin ya ajiye.

Zan faɗi abin da na ji a lokacin, ko da ba shi da daɗin faɗa. Kafin tausayi, kunya ce ta fara kama ni, cewa kakana mai yanke wa mutane farcen ƙafa ne a bakin masallaci. Sai kuma kunyar wannan kunyar ta biyo baya, ta fi ta farko zafi, don wata da watanni ina cin tuwonsa, yana ba ni tabarma shi yana kwana a kan buhu.

Na ce ya tashi mu tafi gida tare. Ya girgiza kai. "Ni tawa kunyar ta yi girma, ba ta shiga mota. Taka ƙarama ce. Na ga yadda kake kallon waya tana kuka, haka na fara. Ka tahi kafin damina, ko da rigar jikinka kaɗai." Ya kama hannuna ya ce, "Amma ita, ka bar mata benen. Kada ka gaya mata." Ban ce to ba, ban ce a'a ba.

A bayan kamyon albasa da ya sauke kaya na dawo. Na tsaya a Faraku na mayar wa makanike rigarsa, ya dube ni bai tsokane ni ba, ya ce in gaida gida. Da la'asar na taka gadar Malanbil da ƙafa, ba jaka ba tsaraba. 'Yan kabu-kabu suka hango ni. "Jikan Alhaji ya sauka! Ina ka faka motar?" Na ɗaga musu hannu na wuce, kunnuwana suna zafi.

Kaka tana ɗakinta tana ɓare gyaɗa da lalube. Idon ya tafi gaba ɗaya. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Mahaifina ya tsaya a bakin ƙofa, mata da yara suka taru a bayansa, kowa yana jiran labarin bene.

"Ka ba shi?" ta ce.

"Na ba shi, Kaka."

"Ya ci?"

"Ya ci. Har da hawaye, ya ce yajin ne."

Ta daina ɓarar gyaɗar. "A bene ya ci ko a ƙasa?"

Na dubi mahaifina, na dubi mutanen da ke bayansa. Duk hanya ina shirya ƙaryar da zan yi, kuma na iya ta. Amma ta ce in gano mata da idona. Na ce, "A ƙasa, Kaka. A kan buhu. Farce yake yanke wa mutane a ƙofar masallaci."

Wata daga cikin matan gidan ta yi salati. Mahaifina ya dafa bango. Kaka kuwa ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi. To shi ne." Na ce dama ta sani? Ta ce, "Mutumin da in ya sayi sabuwar hula sai ya zaga Gaya da ita, shi zai gina bene ya zauna shiru? Ubanka yana yaro, yara suna ce mishi marar uba. Da labarin ya zo na ga ya ɗaga kai, sai na bar mishi." Ta miƙo hannu. "Wannan abin naku yana kai magana can?"

Na kira Hamidu mai shayi, na roƙe shi ya kai wa Baba wayar. Muna jin hayaniyar kasuwa, muna jin mai shayin yana cewa, "Riƙe mana, tsoho, daga gida ne," shi kuma yana cewa a'a, a'a, a ce ba ya nan. Mai shayin ya ce ya kara masa ita a kunne, mu yi magana. Na buɗe murya yadda kowa zai ji, na sa wayar a tafin Kaka.

Ta riƙe ta da hannu biyu. Ta gyara zama, ta ja mayafi ta rufe kai. Sannan, a gaban ɗanta da surukanta da jikokinta, tsohuwar da ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba ta ce, "Yakuba."

Matan suka sunkuyar da kai. Ni ban amsa ba, na san ba da ni take ba. Can sai muka ji tsohuwar muryarsa daga wayar.

"Na'am."

"Yajin nan ba zai kai ka damina ba," in ji Kaka, "ni kuma ba ni da mai kai maka wani. Ka taho gida."